Filogin da Ka Aiko Wa Baban Mufida

Agege, Legas.

Zuwa ga Yaya Naziru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka. Mu nan lafiya lau, Mufida ta fara tafiya, Inna kuma da sauƙi in ban da idon nan nata.

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Baban Mufida ba zai iya faɗa maka ba saboda nauyinka da yake ji, ni kuwa ciki ɗaya muka fito. Filogi da koyil da jajayen wayoyin da ka matsa masa ya saya a shagonka, ka ce irin na motocin tsere ne, mota za ta daina shan mai ta riƙa tashi kamar jirgi, ina amfaninsu? Injin nan yadda kamfani ya ƙera shi haka yake, ba a taɓa ƙara masa komai ba. Wutar da yake buƙata kayansa na asali suna ba shi. An sa naka masu tsadar, mai yana nan yadda take sha, gudu yana nan yadda yake. To wane tsere ma za a yi a cunkoson Iyana Ipaja?

Da a nan abin ya tsaya da na yi shiru. Ranar Talata muka ɗauki Inna za mu kai ta ganin likitan ido, wanda muka daɗe muna jiran layinsa. Muna isa Oshodi motar ta fara jijjiga, ta mutu a tsakiyar titi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Koyil ɗinka ne ya ƙone. Direbobin motocin haya na danfo suna ta zaginmu da Yarbanci, Inna tana ji. Na riƙo hannunta muka tsallaka, zaninta sharkaf, tana laluben hanya. Kafin mu isa an rufe karɓar mutane, aka ce sai wata mai zuwa. Da na kira ka, abin da ka iya cewa wai bakaniken ne bai iya ɗaurawa ba. Ko jikin Inna ba ka tambaya ba.

An mayar da tsofaffin kayan, mota tana aiki lafiya. Yanzu kuma ƙanenmu Ahmad ya ce kana lallaɓa shi ya sa irinsu a tasinsa. Na hana shi, na kuma gaya wa Inna dalili. In kayan sun ƙi fita a shago, ka nemi masu motocin tsere, ka ƙyale ƙannenka. Naka suna cikin kwali, na ba Ɗan'azumi direban tumatir ya kawo maka.

Ka gaida Anti Kalsum da su Najiba. Inna ta ce kada in rubuta maka da zafi, wai kai ne babba. Na ce mata to. Wannan da ka karanta ita ce mai sanyin.

Ƙanwarka,
Furera