Taliyar da Ka Ce In Wanke

Daga unguwar Tandabawi, a Makka, zuwa ga ɗana Haruna, Autana, ma'aikaci a jirgin mai da ke zuwa ƙasar Japan.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya. Ban san tekun da jirginka yake ba, don haka na bar ta a buɗe. Za a ajiye ta a shagon gahawar da ma'aikatan jirgi suke zama a Jidda, duk wanda ya san ka ya karanta ya kai maka. Ba na jin kunyar abin da ke ciki.

Yayarka Habiba lafiya, da mijinta da 'ya'yanta. Goggonka Rabi tana fama da gwiwa, amma bakinta lafiya lau. Mahaifinka ne ba ya jin daɗi. Tun da zafi ya kama, abinci ya fita ransa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni jikina ƙalau, zuciyar ce ta ƙi zama wuri ɗaya.

Wannan rubutun hannuna ne. Ka yi haƙuri da karkacewar layi, ka san sai da furfura ta fito na koyi haɗa baƙi. Na ƙi zuwa wurin mai rubuta wasiƙa ne don zai sassauta mini magana, ni kuwa ba na so a sassauta.

Saƙonka ya iso ta hannun abokin aikinka Isiyaku, mutumin Bur Sudan. Na tambaye shi takarda, ya ce babu, ka ce in yi haƙuri, jirgi na shirin tashi. Ka sami lokacin sayen kaya da ɗaure su, ba ka sami na rubuta layi biyu ba. Tun daga nan na fara jin wani iri.

Da na kwance ƙunshin, ga abin da na gani. Tsinkaye masu launin toka, ɗauri-ɗauri. Kwalba cike da baƙin ruwa. Sai wani abu mai tauri kamar guntun itace, mai ƙaurin hayaƙi. Auta, ka tashi a gidan nan, ka san abin da kowace uwa za ta fara tunani in ta ga baƙin ruwa a kwalba tare da saiwa. Goggonka ta leƙo ta ce, "To, ga rubutu ga saiwa, saura layar. Duba ƙasan ƙyallen."

Isiyaku ya yi dariya ya ce taliya ce, soba suke kiranta, abincin lokacin zafi. Ba alkama ba ce zalla, ba gero ba, wata ƙwaya ce tasu da shi ma bai taɓa gani a gona ba. Itacen kuma wai kifi ne da aka busar. Na ce na ga busasshen kifi iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin wanda za a iya kafa ƙusa da shi ba.

Ya ce ka umarce shi ya dafa a gabana don in koya. Na ba shi murhu na koma gefe ina kallo. Ya tafasa ruwa mai yawa, babu gishiri, babu mai. Ya zuba taliyar, bai bar ta ta wuce gwargwadon alwala mai kyau ba, ya tsame. Daga nan ya yi abin da ya sa na miƙe tsaye. Ya zuba dafaffen abinci a ruwan tulu yana cuɗa shi da hannu kamar mai wankin hula, ya zubar, ya sake ɗebo wani. Ruwan da mai ruwa ya hau tudun nan da shi a kafaɗa. Na ce masa, ɗana, a gidanku haka ake yi da ruwa? Ya ce, "Inna, in ba a wanke yauƙin ba, ba ta ciwuwa."

Kifin ya kankare shi da wuƙa siriri-siriri, ya tafasa, ya tace, ya zuba baƙin ruwan da ɗan sukari, ya bar shi ya huce. Ya yanka ganyen albasa a kai. Ba a zuba miyar a kan taliyar, wai tsomawa ake yi loma-loma. Ya fito da tsinke biyu na itace daga aljihu ya fara ci da su, yana zuƙa da ƙara har kajin maƙwabta suka ɗaga kai. Ya ce haka ake yi a can, kai ma haka kake yi. A ƙarshe ya ɗebo ruwan da aka dafa taliyar a ciki, ya haɗa da ragowar baƙar miyar ya shanye. Goggonka ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "An wanke, an sha. Me ya rage?"

Ban ci ba ranar. Ban bar kowa a gidan nan ya ci ba.

Washegari na ɗiga baƙin ruwan a kan guntun gurasa na ba kyanwar gidan nan. Ta shanshana ta tafi. Wannan bai nuna mini komai ba, don ka san ta da raina abinci. Sai na ɗauki kwalbar na kai wa Maryama, maƙwabciyarmu mutuniyar tsibirin Jawa, wadda take ɗinka huluna. Ta buɗe, ta ɗanɗana a yatsa, sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce ruwan wake ne da gishiri, irinsa uwarta take zubawa a shinkafa, sai dai nasu ya fi zaƙi. Na tambaye ta ko yana sa maye, don na ji tsami-tsami. Ta ce ita dai ta girma a kansa, kuma ba ta taɓa tangaɗi a sahu ba. Ta roƙe ni kaɗan a finjali, na ba ta.

To, kwalbar ta kuɓuta. Kai ne ba ka kuɓuta ba.

Na tuna kana ƙarami, in tuwo ya huce ko kaɗan sai ka ture kwanon ka ce na jiya ne. Sau nawa na mayar da miya kan wuta saboda kai kaɗai? Mahaifinka yakan ce, "Wannan yaron, ko a Aljanna sai ya nemi a ɗumama masa." Yau kai ne kake aiko mini da abinci mai sanyi, har kana cewa in koya. Namiji ba ya sauya harshensa don kuku na jirgi. Wani ya zauna kusa da kai ya lallaɓa ka har ka ci, kuma ya yi ta yi har ka so.

Na kuma duba ƙyallen da aka ƙunso kayan. Shuɗi ne, an kalmashe bakinsa da ɗinkin hannu ƙanana, a jere kamar haƙoran jariri. Ƙullin ma na mai haƙuri ne, kunnuwa biyu daidai. Na san ƙullinka, ni na sha warware tazugen wandonka da haƙori. Da na tambayi Isiyaku wa ya ɗaure, ya dubi ƙasa ya ce jirgi mutane da yawa ne. Na tambaye shi gidan wa kake sauka in kun isa can, ya ce yana jin an kira sallar La'asar. Ba a kira ba.

Ranar Juma'a zafi ya tsananta, mahaifinka ya ƙi kunu, ya ƙi shinkafa, ya ƙi romo. Sai na ce bari in gwada. Na dafa yadda na gani. Da aka zo wanki kuwa, ban taɓa ruwan tulu ba. Na ɗauko Zamzam ɗin da na sanyaya a doraƙ, ɗan tulun ƙasan nan, a bakin taga, na yi bisimilla, na wanke taliyar da shi sosai, na ce duk abin da aka nufa da ita ban da alheri, ya tsaya nan. Ruwan wankin ban zubar a ƙasa ba, shi na ba shukar raihan mai ƙamshin nan. Kada ka gaya wa mutanen can, ban sani ba ko laifi ne a wurinsu.

Mahaifinka ya ci da hannunsa na dama, shiru, kamar mutum. Ya cinye ya ce a ƙara. Ni ma na ɗanɗana. Tana da santsi, tana sauka da sanyi har ciki, gishirin yana tayar da harshe. Na so a ce ba daɗi, Auta. Da ba daɗi, da na yi barci. Amma wanda ya zaɓi wannan abincin ya aiko wa tsofaffi a tsakiyar zafin Makka ya san yadda ake kula da mutum. Kai kuwa ɗana ne, ina sonka, amma ba ka taɓa tuna ko akwai ruwa a tulu ba. Akwai mai yi maka tunani yanzu, kuma ta iya. Wannan shi ya fi baƙin ruwan ba ni tsoro.

Ka ce za ka dawo bara, ka ce bana. Na ga 'ya'yan mutane da teku ta tafi da su, ba su mutu ba, ba su dawo ba, iyayensu suna amsa gaisuwa da "yana nan lafiya" har suka shiga kabari. Kakanninka sun taka daga Kano da ƙafa don a binne su a garin nan. Ba na so a ce a hannuna igiyar ta tsinke.

Ba na tuhumarka da saɓon Allah, na san tarbiyyar da na yi maka. Amma ba na son in ji labarinka a bakin mutanen gahawa. In aure ka yi, ka faɗa. In niyya kake yi, ka faɗa mini ko tana sallah, ko tana son ta koya, ko tana da uwa da take kuka kamar yadda nake yi. In kuma ba kowa, goggonka da ni ne muka tsufa muka cika zato, to ka zo ka yi mana dariya a tsakar gida, za mu ɗauka.

Allah Ya tsare ka a kan ruwa da kan tudu. Ya tsare cikinka daga haram, Ya tsare zuciyarka daga mantuwa. Ya juyo da fuskarka gida muna da rai.

Alhazai sun fara cika gari. Ina son amsarka kafin a ga watan Zulhajji, da rubutun hannunka, ba saƙon baki ba. In akwai ta, ka rubuto sunanta da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa, don da shi zan tsaya a Arfa. Ban yanke ba tukuna ko alheri zan roƙa mata ko tsari zan nema daga gare ta. Amsarka ce za ta gaya mini.

Mahaifiyarka,
Hajara