Magazarmu a Rufe, Ruwan Shuka Ya Sauka

Ɗan Kassari, ranar Talata

Zuwa ga yayana Ma'azu, a Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara maka buɗi, ya tsare ka da sharrin hanya. Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai ke tashi in ta yi tafiya. Ƙanwarmu Fa'iza ta haihu lafiya, an samu mace, sunanta Zulaiha.

Yaya, wasiƙar nan ba ta daɗi ba ce, raina a ɓace nake rubuta ta. Ka san magazar ƙungiyarmu inda kowane gida ke ajiye irin shukarsa bayan girbi, kuma ka san dokarta: hatsi kaɗai ke shiga. Ko taki da maganin ƙwari ba a yarda da su ba, balle fetur. Da ƙaninmu Abdulhakim ya zo yana so a ba shi lungu ya ajiye jarkokinsa na sumoga, ni na fara ce masa a'a, don ina cikin kwamiti. Sai ya kewaye ni ya kira ka, kai kuma ka kira Ɗanmalam mai riƙe da makulli ka ce ya taimaki yaro, kwana biyu ne. Ɗanmalam abokinka ne tun kuna kiwon awaki, ya ji kunyarka ya buɗe. Kana can nesa kana rabon alheri da kayan mutane!

To, kwana biyun ya zama wata. Ranar kasuwa 'yan duwan, wato kwastan, suka zo, warin fetur ma ya isa ya nuna musu hanya. Suka samu jarkoki jere a bayan buhunan gero, suka rufe ƙofa suka sa mata hatimi. Shugabansu ya yi mana bayani a natse, ya ce doka ce: ɗakin ajiyar da aka samu haramtaccen kaya a ciki, ko tsinke ba ya fita sai mai kayan ya gabatar da kansa, wanda ya taɓa hatimin kuma gidan kaso zai kwana. Na so in ji haushinsa, na rasa ta inda zan kama, don aikinsa ya yi. Ɗanmalam yana hannunsu. Jarumin naka Abdulhakim kuwa, tun kafin motarsu ta tsaya ya bi ta bayan gari, ko takalmi bai tsaya nema ba.

Shekaranjiya ruwan shuka ya sauka, mai kyau, ƙasa ta jiƙe har kamu guda. Ƙauyukan da ke kewaye da mu kowa ya ɗauki sungumi, mu kuwa muna tsaye muna kallon kwaɗon ƙofa. Irin gidaje da yawa yana ciki, har da geron nan na marigayi Baba da yake zaɓen zangarniyarsa da hannunsa, wanda ba a samun irinsa a kasuwa. Wake ɗaya ya ɓata gari. A bakin rijiya mata sun daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba. Jiya Inna ta ɗauki ƙwarya, da ciwon ƙafarta, ta tafi gidan Ummulkhairi roƙon tiya ɗaya ta iri, gidan da Baba ke aika wa iri kyauta duk shekara. Ta samu.

Kada ka aiko da kuɗi, ba su buɗe hatimi. Wani direba ya ce ya ga Abdulhakim a ƙofar shagonka yana shan shayi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ka sa shi a mota ya zo ya amsa cewa kayan nasa ne, a saki Ɗanmalam, a buɗe wa mutane irinsu. Laimar ƙasa ba za ta kai Juma'a ba in wani ruwan bai zo ba.

Ka gaida Anti Mariama da su Hamza da Rumaisa'u. Inna ta ce a gaishe ka. Na tambaye ta ko in sa gaisuwarta ga Abdulhakim, ta ce wannan sai ya zo ya karɓa da kansa.

Taka ƙanwa,
Basira