Golan da Anka Hana Magana

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu, Bodinga.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki, da ɗawainiyar da kake yi wa matasan garin nan daga aljihunka. Yaya iyali, yaya jama'a? Allah shi ƙara girma.

Sunana Umaru, tela a kasuwar Bodinga, kuma ni ne mahaifin Nasiru, golan ƙungiyarku. Na zo gidanka anka ce kana Sakkwato, na koma anka ce ka shiga ciki. Da mun gana, da wagga takarda ba ta fito ba. Amma tun da an riga an watsa maganar a waya har ta iso ni a bakin shago, cewa ranar Asabar kwamiti zai zauna ya tabbatar da ƙin sabunta kwantiragin Nasiru, saboda wai an cika zura masa ƙwallo kuma ba shi da ladabi, to a bainar jama'a zan ba da amsa. Idan kunka cire shi yanzu da ake gab da rufe rajista, bana ba zai buga gasar jiha ba, kuma babu ƙungiyar da za ta ɗauki golan da garinsu ya ce hannunsa ya mutu, bakinsa ya yi tsawo.

Ni ba masanin ƙwallo ba ne. Abin da na gani daga bayan raga shi zan faɗa.

Na farko. Duk wanda ya kalli wasanninku na farkon kaka ya san Nasiru ba ya rufe baki a fili. Wane koma baya, wane riƙe mai lamba tara, a matsa hagu, a bar mini. Har mutane na yi masa ba'a wai rediyon Bodinga. A lokacin babu wanda ya ce hannunsa ya mutu, kai da kanka ka ɗaga hannunsa sama a gaban jama'a ranar da ya tare fenareti. Sai ranar wasa da 'yan Danchadi, ana shirin bugun kwana, ya ƙwala wa kyaftin Garba kira da sunansa tsirara, ya ce masa ya bar kallo ya riƙe mutuminsa. Garba ya girme shi nesa ba kusa ba, magidanci ne mai 'ya'ya, kuma ƙanenka ne. Abin ya yi masa zafi, ga surukansa a bakin fili. Da anka tafi hutun rabin lokaci ya kai ƙara wurin koci. A nan take koci ya yanke hukunci: daga yau gola ba ya kiran na gaba da shi da suna, ba ya ɗaga wa kowa murya, in yana da magana ya ajiye sai an fito hutu. 'Yan bayan nan kuwa dukkansu sun girme shi. Ka ga ke nan an ce ya yi shiru gaba ɗaya.

Ya yi shirun, don haka anka rene shi. Ranka shi daɗe, ka duba da kanka ka ga daga wane wasa ƙwallaye sunka fara shiga.

Na biyu, wasan Shagari, wanda shi ne ake ta yawo da hotonsa a waya. Ranar na rufe shago, na hau mota na je, na tsaya daidai bayan ragarsa. An ci mu uku, kuma zan faɗi yadda kowace ta shiga.

Ta farko bugun tazara ce. Yaranmu sun yi katanga a karkace, sun bar kafa a gefen da Nasiru ba ya iya kaiwa. Wallahi na ga ya buɗe baki, ya dubi benci, ya mayar ya rufe. Ya koma yana yi musu nuni da hannu, su kuwa sun ba shi baya, wa zai gani? Ta kafar nan ƙwallo ta bi. Ta biyu an ɗago ta sama, ya fito zai cafe, Garba ma ya tashi zai sa kai, don babu wanda ya ce masa a bari. Sunka yi karo, ƙwallo ta faɗo gaban ɗan Shagari, ko akuya ce a wurin za ta tura ta. Ta uku tasa ce, ba na musu. Ta zo masa a hannu ta suɓuce. Amma a lokacin kafaɗarsa ta riga ta bugu daga karon nan, kuma duk wanda ya dube shi ya san hankalinsa ba ya jikinsa. Hoton da ake turawa ta ukun kawai ya nuna. Mai wayar bai ɗauki katanga ba, bai ɗauki bakin da ya buɗe ya rufe ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda kuke auna gola. Ku ƙirga abin da ya shiga raga, ku ɗora masa duka, shi ke nan an gama. Kafin ƙwallo ta iso gare shi ta wuce mutum goma. A shagona in riga ta fito a karkace, wanda ya yanka yadin nake fara tambaya kafin wanda ya ja keke. Kuma rabin aikin gola ba ya shiga hoto, domin harin da ya kashe da baki tun bai taso ba babu mai tafa masa. Shi kaɗai ne a fili yake ganin kowa a gabansa. Kun karɓe masa wanga rabi, kun bar shi da hannu biyu, sa'an nan kun ce ya ja baya.

Na uku, maganar koci. Ba na neman a kore shi. Mutum ne mai son zaman lafiya, ya kuma gyara 'yan gabanku, kowa ya shaida. Amma sabon zuwa ne, ya tarar da kyaftin ƙanen shugaba, ya zaɓi hukuncin da ba zai jawo masa rigima ba. Ban da haka, ka je filin atisaye da yamma ka gani. Ana yi da sauran 'yan wasa, shi Nasiru yana gefe yana jefa wa bango ƙwallo yana cafewa. Sai rana ta kusa faɗuwa a ce ya shiga raga a gwada ƙafa a kansa. Babu mai nuna masa tsayuwa, babu mai gyara masa bugun da yake yi da ƙafa, wanda ni ma na san yana da rauni. Idan kocin da ya sa dokar shi ne kuma zai ba kwamiti rahoton yadda dokar ta ƙare, ina adalci a nan?

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini rai, maganar ladabi. Haba Alhaji! Ni na reni yaron nan. Har gobe in ya haɗu da Garba a hanya sai ya rusuna ya gaishe shi, ko bayan abin da ya faru. Na daɗe ina juya zancen a zuciyata, domin ni ma ba na son ranar da yaro zai kira babba gatsau a garin nan mu ce ba komai. Ban raina fushin Garba ba, a gaban surukai abin da ciwo. Amma ka tsaya a kasuwa lokacin lodin albasa, babbar mota tana ja da baya, mai duba wa direba yana daka masa tsawa ya tsaya, alhali direban ya haife shi. Babu mai cewa ya yi rashin kunya, domin in ya tsaya neman lafazi mai daɗi an take mutum. In an kashe mota sai a koma ranka shi daɗe. Cikin raga ma haka ne, ƙwallo tana sama babu lokacin sakaya suna. Da koci ya zaunar da su biyu ya ce wa Nasiru ya rage kaifin harshe, ya ce wa Garba abin da anka faɗa a fili a fili yake ƙarewa, da ni ne farkon mai godiya. Na ji kuma ana cewa za ku ɗauko wani gola daga Dandin Mahe. Ku ɗauko, amma in dokar nan tana nan, baɗi mahaifinsa ne zai rubuto muku irin wagga takarda.

Don haka ga roƙona. A kira Nasiru ranar Asabar ya yi bayani da bakinsa kafin a yanke, kada a yi masa hukunci yana gida. A kira Garba a tambaye shi tsakaninsa da Allah ko ya ji an ce a bari ranar Shagari. Na san shi, ba zai yi ƙarya ba. Kai kuma, ranka shi daɗe, tun da ƙanenka na cikin maganar, ka bar wani dattijo ya jagoranci zaman, don mutuncinka. A ɗage dokar shiru, a ba shi wasannin gwaji kafin rufe rajista, a auna shi yana cikakken gola. In ya kasa, ku sallame shi, ba za ku sake jin bakina ba. In kuma kun riga kun yanke, to ku cire kalmar rashin ladabi daga sanarwarku, domin ƙwallo za ta ƙare, shi kuwa a garin nan zai nemi aure.

Shekaranjiya Nasiru ya zo shago da safe, ya zauna. Sai ya ce in fito masa da keken ɗinkin da ke kusurwa, zai fara zama. Duk shekarun nan ni ke binsa ya zo ya karɓi keken nan yana guduna, amma da ya nema da kansa sai na ji kamar an soke ni. Na ce masa keken na bukatar gyara, ya dakata sai bayan Asabar. Lafiyar keken ƙalau, Alhaji. Ba na son ya zauna a kansa don an kore shi da laifin da ba nasa ba.

Allah shi ba ka ikon yin adalci, shi tsare ka daga masu kai maka rabin magana, shi albarkaci zuriyarka da dukiyarka, shi ɗaukaka ƙungiyar garinmu.

Wassalam.

Naka,
Umaru Tela, mahaifin Nasiru,
Bodinga.