Babu Mai Jiran Ragowa

Zuwa ga ƙanena Mamuda,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya iyali, yaya mutanen Bakura? An gama yankan gero?

Ni lafiya lau. Ɗana Mas'udu bai rage ni da komai ba a nan Legas, sai dai aiki ba ya barinsa zama. Likita ya ce ba zai yi mini aikin gwiwa ba sai na rage ƙiba, kuma sai an yi aikin zan dawo gida. An hana ni tuwo da fura. Wake da gwanda da kabeji ake ba ni, wai ba su da illa. Jiya aka auna ni, na ƙaru.

Likitan ya ce in riƙa tsayawa in na ƙoshi. Ka sani, a ciyayyarmu ta ƙofar gida ban taɓa tambayar cikina ba. In ka tsame hannu sai in tsame, mu tura wa yara ragowa. A nan in na ce bisimilla, bango nake gaya wa. Ba yunwa ba ce, ba kuma daɗi nake ji ba. Ci nake yi har kwano ya ƙare.

Don Allah in an fito da tuwo, ka kira ni, ka ajiye wayar gefen akushi. Ba sai ka yi hira ba. In ka tsame hannu dai ka faɗa mini.

Ka gai da uwargidanka Batulu. Allah ya bar zumunci.

Yayanka,
Ɗayyabu