Maganin Kitsen Jini da Mantuwa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Inna? Ya yara?

Ina lafiya, kada ku damu. Karatun ne kawai ya ƙi zama. Tun da na fara shan maganin rage kitsen jini, sai in karanta shafi, in rufe littafi, in ji kaina wayam. Har na faɗi jarrabawa. Likita ta ce da wuya maganin ne, ta fi zargin rashin barci da kaɗaici. Ta hana ni dainawa, tunda wannan ciwon ne ya ɗauke Baba. Ina sha, Yaya.

Don Allah ki turo min muryar Baba da ke wayarki. Jiya na neme ta a kaina, ban same ta ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Autarku