Taku Ɗaya da Yayana Bai Yi Ba

Zuwa ga Mai Girma Kanar mai ritaya, Baronet, Shugaban Daraktocin kamfanin tsaron da yayana yake yi wa aiki a Doha.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Sunana Zulaihatu, ina aikin rajistar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a Al Wakrah. Yayana Hamisu mai gadi ne a kamfaninka shekara tara ke nan, kuma a ƙarshen watan nan za a soke katin zamansa a mayar da shi gida. Sau uku na rubuta maka da Turanci, sau uku sakatariyarka ta amsa cikin ladabi cewa an karɓa, an gode. Wannan karon na rubuta da Hausa kuma a fili, don waɗanda abin ya shafa su karanta ko da kai ba ka karanta ba. Ban ambaci sunanka ba saboda har yanzu takardun yayana suna hannun mutanenka.

1. Ba ka san ni ba, amma ni na san rayuwarka shafi bayan shafi. Da ake shirin gasar cin kofin duniya, kamfani ya buga ɗan littafin tarihinka don a raba wa masu gadi. Shugabansu na kusa, Malam Isiyaku, ya san Hamisu yana da ƙanwa da ta yi jami'a, shi ne ya kawo mini in mayar da shi Hausa. Kalmar baronet ta ba ni wahala. A ƙarshe na rubuta cewa sarauta ce ta gado wadda ba ta da gari, ba ta da talakawa, ɗan fari ke ɗauka idan uba ya rasu. Mutanenmu sun gane nan take, don mu ma muna da irinta.

Na fassara cewa an haife ka a gidan da ɗakunansa suka fi mutanensa yawa, kana ɗan shekara takwas aka kai ka makarantar kwana inda ake koya wa yara kada su yi kuka a gaban mutane. Ka shiga soja kamar ubanka da kakanka, ka kai Kanar, ka koma gundumarku kana wakiltar Sarauniyar ƙasarku wajen yanka ƙyalle da raba kofi a gasar tumaki. Na fassara cewa kakanka ya yi aikin soja a Arewacin Najeriya, ya bar maka labarin cewa Bahaushe ba ya ƙorafi. Sai shafin da aka fi ƙawatawa: duk tsawon aikinka ba ka taɓa sallamar fareti ba tare da ka tambaya ko akwai mai koke ba, kuma duk mai koke ya yi taku ɗaya gaba. Na fassara wannan da kyau. Yaya Hamisu ma ya karanta, ya ce lallai mutumin nan dattijo ne.

2. A shekarar korona, lokacin da aka rufe gari, kana gundumarku kana jagorantar tafi ga ma'aikatan lafiya, kamar yadda littafin ya ce. Yayana yana ƙofar wani dogon bene a West Bay da na'urar auna zafi, yana kara ta a goshin duk mai shiga. A nan ya ɗauki cutar. Ya yi makonni a asibiti da bututun iska a hanci, ya fito da huhun da ba ya cika. Likita ya rubuta masa takarda cewa a ba shi aikin zama. Ya kai wa Malam Isiyaku, Malam Isiyaku ya ce ya bar ta a wurinsa har ya sami lokacin da fuskar manaja take a sake. Haka muke kai kuka ga babba, ta hannun wani, a lokacin da ya dace. Lokacin bai zo ba.

3. Ana saura makonni a fara gasar ka zo duba fareti a filin masaukin ma'aikata. Ka bi layi kana duba takalma da maɓallai. Ka tsaya a gaban yayana ka yaba ƙyallin takalminsa. Waɗanda suke kusa da shi sun gaya mini numfashinsa a ranar kamar ana jan tsintsiya a kan siminti, amma kai ƙasa kake kallo. Sannan ka koma gaba ka yi tambayarka, tafinta ya maimaita, ka jira. Ba wanda ya motsa. Ka rubuta a rahotonka cewa babu koke ko ɗaya, kuma an ce ka ji daɗi ƙwarai, don maganar kakanka ta tabbata.

Ranka ya daɗe, bari in yi maka bayanin abin da ka gani. Kai baƙo ne, mai furfura, ka taso daga nesa. A wurinmu ba a tarar irinka da ciwon ƙirji a tsakiyar fili. Kuma Malam Isiyaku yana tsaye a bayanka da takardar likita a aljihu. Taku ɗaya daga yayana yana nufin ya tona asirin mutumin da ya karɓe shi ranar da ya sauka a ƙasar nan, a gaban baƙo, a gaban na ƙasa da shi. Na tambaye shi daga baya me ya sa bai fito ba. Ya dube ni kamar karatu ya ɓata ni, ya ce, "Haba Zulai, in fito in ce me, Malam yana tsaye?"

An koya maka tun kana yaro ka haɗiye ciwo, shi ma haka aka koya masa. Na yi zaton wanda ya san wannan tarbiyya zai gane ta a fuskar wani.

4. A sati na biyu na gasar aka tsayar da shi a ƙofar filin wasa yana nuna wa 'yan kallo hanya. Da la'asar ya faɗi. Tun daga ranar yake zuwa asibiti sau biyu a mako, kuma yana kwana da na'urar iska a ɗakin da na kama masa kusa da ni a Fereej Abdel Aziz. Sai ga wasiƙar kamfani: an ba shi dama ya bayyana damuwarsa a gaban Shugaba da kansa, ya yi shiru, saboda haka ya ɓoye ciwo, an sallame shi. Kamfaninka ne kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar nan. Duk ranar da aka soke katin, asibiti ya ƙare, na'urar kuma za ta koma. Na je ofishinku na West Bay da takardar likitan, wadda Malam Isiyaku ya miƙo mini a ninke, gumi ya cinye gefenta, bai iya kallon idona ba. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta ce takardar da ba ta shiga fayil kafin fareti ba, ba takarda ba ce, khalas, wato magana ta ƙare. Ban kai ƙarar Malam Isiyaku ba. 'Ya'yansa biyar, kafil ɗinsu ɗaya da yayana.

Buƙatuna kaɗan ne. Ka rubuta layi ɗaya ga ofishin Doha cewa shirun da aka yi a faretinka ba shaidar lafiya ba ce. A bar katin zamansa har likita ya sallame shi. Idan kuma za ka sake zuwa, ka sa kujera a ɗaki, ka rufe ƙofa, mutane su shigo ɗaya bayan ɗaya.

Ba na sa rai. Aikina rajista ne, na san yadda takarda take zama gaskiya idan babban mutum ya sa hannu. Na riga na tambayi gida, asibiti mafi kusa da ƙauyenmu da ke da iskar numfashi tafiyar rabin yini ne, shi ma sai in akwai wuta. Na fara koya wa matarsa ta waya yadda ake jingina shi da matasai uku idan ƙirjin ya riƙe.

Na karanta wa Yaya Hamisu wasiƙar nan kafin in sake ta. Ya ce ta yi zafi, ba haka ake yi wa manya magana ba. Ya roƙe ni in ƙara abu guda, ga shi na ƙara: yana gaishe ka, kuma yana ba ka haƙuri da ya faɗi a gaban baƙi da kayan kamfani a jikinsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya tsare gidanka da magajinka, ya sa ka gama da numfashinka cikin sauƙi.

Wassalam.

Zulaihatu, ƙanwar Hamisu
Fereej Abdel Aziz, Doha