Fari da Kifi, Ja da Nama

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zafin Gadarif, ya ƙafar taki? Ya Malam da yara? Mu nan unguwar Nuzla lafiya lau.

Kin matsa in ba ki labarin ɗanki Habibu, to ga shi. Ranar Juma'a ya haɗa wa surukansa Larabawa liyafa. Ni ma ya kira ni, ashe kifi zan soya masa. Ya jera kwalaben ruwan inabin Faransa, wai wanda aka cire wa maye, yana juya kofi yana shinshinawa kamar mai sayen turare a kasuwar Bab Makka. Fari da kifi ake sha, in ji shi, ja da naman rago, mai zaƙi kuwa sai an kawo kayan zaƙinsu, kunafa. Da na shigo da tire ya ce musu ni shaggala ce, wato 'yar aiki.

Na haɗiye wannan. Can surukarsa ta tambaye shi ina mahaifiyarsa. Ya kurɓi jan, ya ce, "Allah yarhamha," wato Allah ya jiƙanta. Kowa ya yi miki addu'a, Yaya. Ni ma na ce amin, tunda ke kika sayar da gonarki kika tura shi Faransa koyon shinshinar kofi.

Halas, magana ta ƙare, ki daina ɗinka kayan Umra kina jiran ya aiko miki biza. Ba a yi wa mamaci biza.

Ki gaida Malam da su Zainabu. Ki sa mu a addu'a, mu dai mun san kina raye.

Ƙanwarki,
Rabi